Zomo Ba Ya Cewa Wayyo: Yadda Ake Ba Shi Maganin Rage Raɗaɗi

 Yau za mu ɗan bar ɗakin yara mu leƙa lungun tsakar gida, inda kejin zomaye yake.

Tambayoyi biyu ne suka ja ni can. Wata uwa ta rubuto cewa ƙofa ta datse wa zomon ɗanta ƙafa, yaron ya hana kowa sakat da kuka, tana so ta san cokali nawa na farasitamol ɗin yara za ta ɗura masa. Wani uba kuma ya ce mazan zomayensu biyu sun yi faɗa, ɗaya ya yage wa ɗaya fata, yana tambaya ko ya fasa kafso ya zuba a ruwan shansu. Na gode musu da suka tambaya kafin su aikata. Amsar duka biyun ita ce a dakata. Zomo yana jin ciwo, kuma yana buƙatar magani da wuri fiye da yadda yawancinmu muke zato, sai dai maganin nasa ba ya cikin ledar magungunan da ke kan durowarki.

Aikina jinyar mutane ne, amma abin da aka koya mana tun shekarar farko a makaranta bai bambanta tsakanin gadon asibiti da keji ba: ki san wanda za ki bai wa magani, ki san sunan maganin, da adadinsa, da hanyar da zai bi, da lokacinsa. Da wannan ma'aunin za mu bi maganar.

Dalilin shirunsa

Idan akuya ta ji ciwo unguwa duka sai ta sani. Kare ma zai yi ta kuka yana lasar wurin. Zomo kuwa halitta ce da kowa ke farauta, daga shaho da muzuru har maciji, kuma a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka. Saboda haka ya gaji ɓoye ciwo. Za ki ga zomo da karyayyar ƙafa ya zauna tsaf kamar babu abin da ya same shi. Ba ya ƙara sai tsoro ko azaba ta kai maƙura.

Haɗarin wannan shirun a cikinsa yake. Hanjin zomo an yi shi ne don ya yi ta aiki dare da rana, ciyawa na shiga, kashi na fita. Da zarar ciwo ya kama shi, ko a ƙafa ne ko a haƙori, sai ya rage ci. Ya rage ci, hanji ya rage motsi. Hanji ya tsaya, iska ta taru, ciki ya kumbura ya ƙara masa wani ciwon a kan na farko, sai ya daina cin gaba ɗaya. Idan abin ya ɗauki kwanaki, kitse yakan taru a hanta ya lalata ta. Da yawa daga zomayen da ake cewa "haka kawai muka wayi gari ya mutu" wannan hanyar suka bi. Shi ya sa likitocin dabbobi suke ɗaukar zomon da ya yi awa 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba a matsayin mai buƙatar taimakon gaggawa. Rage masa raɗaɗi shi ne abin da zai sa ya koma ga abinci, abincin kuma shi ke tayar da hanjin.

Labarin zuciya a tambayi fuska

A shekarar 2012 masu bincike a Jami'ar Newcastle da ke Ingila suka fitar da ma'aunin gane ciwon zomo daga fuskarsa, kamar yadda mu ma muke karanta fuskar jaririn da bai iya magana ba. Wurare biyar ake dubawa. Ido yakan ƙanƙance ko ya runtse. Kumatu su lotsa, fuska ta yi tsini. Ƙofofin hanci su tsuke su yi siffar V maimakon zagayen da aka saba gani. Gashin baki ya sandare ya daina lanƙwasowa ƙasa. Kunnuwa kuma su naɗe su kwanta baya a jikinsa.

Bayan fuska sai jiki. Zomo mai ciwo yakan takure a lungu ya dunƙule, ko ya riƙa danna cikinsa a ƙasa yana sauya kwanciya. Yakan daina lasar jikinsa har gashin ya hargitse. Wanda aka sani da sanyin hali sai ya fara cizo idan an taɓa shi. Akwai kuma tauna haƙora. Wadda yake yi a hankali idan ana shafa shi ta jin daɗi ce, amma mai ƙarfi da za ki jiyo daga inda kike tsaye ta ciwo ce. Idan haɓarsa kullum a jiƙe take da miyau, ko ya ɗauki ganye ya sake shi, a duba haƙora, domin haƙoransa 28 ba sa daina tsiro har ya mutu, kuma turamen sukan yi kaifi su yanki harshe ko kunci.

Ki riƙa duba shi daga nesa, domin da ya ga mutum a kansa zai gyara zama. Ki miƙa masa abin da ya fi so, ganyen dankali ne ko karas. Idan ya kau da kai, akwai magana. Sannan ki duba ƙasan keji. Lafiyayyen zomo yana zubar da ƙwayoyin kashi wajen 200 zuwa 300 a rana, manya, masu girma ɗaya. Idan suka ragu, suka ƙanƙance suka bushe, hanji ya fara tsayawa. A nan ki saurari yaron da ke kiwon. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, idan ya ce miki "Umma, yau ba haka yake ba", yawanci gaskiyarsa ne.

Abin da ba a ba shi

Abu na farko da za ki riƙe shi ne zomo ba ya iya amai. Yaro ko kare idan ya haɗiyi abin da bai dace ba, akwai damar ya dawo da shi. Abin da ya shiga cikin zomo ya shiga ke nan. Na biyu, nauyinsa. Yawancin zomayen gidajenmu ba su wuce kilo biyu zuwa uku ba, ƙwayar farasitamol mai miligiram 500 kuwa don babban mutum aka yi ta. Likitan dabbobi yakan yi amfani da farasitamol a kan zomo wani lokaci, amma da sikeli da lissafi, kuma bayan ya tabbatar hanta lafiya take. Cokalin shayi ba ma'auni ba ne. Idan kuma da kyanwa a gidan, ki sani farasitamol kashe ta yake yi ko da kaɗan ne.

Sai magungunan da aka haɗa da wani abu. Panadol Extra akwai sinadarin kafin a ciki, garin Alabukun asfirin ne da kafin, magungunan mura na ruwa kuma sukan haɗa abu uku ko huɗu a kwalba ɗaya. Zuciyar zomo da ma tana bugawa fiye da sau 180 a minti, ba ta buƙatar abin da zai ƙara zaburar da ita. Ibufurofen da dikulofenak da firoksikam, waɗanda ake saya a kemis don ciwon jiki, suna iya jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda, a mutum ma haka suke yi idan an wuce ƙima, balle a dabba mai kilo biyu. Man zafi na shafawa ma kada a shafa masa, domin duk abin da ya hau jikin zomo lashe shi zai yi.

Deksametason da danginsa, irin wanda wasu ke sha don ƙiba, suna karya garkuwar jikin zomo da sauri, su bai wa cututtukan da ke kwance a jikinsa damar tashi. Tiramol kuwa bincike ya nuna jikin zomo ba ya ɗaukarsa sosai idan ta baki aka ba shi, ga shi kuma ba abin ajiyewa ba ne a gidan da ke da yara da matasa.

Mafi haɗari duka su ne kafso ɗin da muke garzayawa gare su da zarar mun ga rauni. Amoksisilin, ampisilin, Ampiclox, eritiromaisin, linkomaisin da kilindamaisin ba sa rage raɗaɗi ko kaɗan, magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne. Idan aka bai wa zomo su ta baki, sukan kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke narka masa ciyawa a hanji, masu guba su samu fili su yaɗu, sai gudawa, sai mutuwa cikin 'yan kwanaki. Wasu daga garin magungunan kaji da ake zubawa a ruwa suna ɗauke da irin waɗannan, don haka abin da ya yi wa kajinki aiki kada ki ɗauka zai yi wa zomo. Garin neman gira kada a rasa ido.

Abin da likita yakan bayar

Maganin da aka fi bai wa zomo don raɗaɗi da kumburi shi ne meloksikam, wanda aka fi sani da sunan Metacam. Na ruwa ne, mai ɗan zaƙi, yawancin zomaye ba sa gardama da shi. Abin mamaki, jikin zomo yana sarrafa shi da sauri, don haka abin da ake ba shi a kan kowane kilo ya fi na kare yawa. Kare yakan samu miligiram 0.1 a kowane kilo a rana, zomo kuwa ana ba shi tsakanin 0.3 zuwa 1, gwargwadon ciwon da lafiyar ƙodarsa. Zaɓen inda za a tsaya a tsakanin nan aikin likita ne.

Ga misalin da zai nuna miki dalilin da ya sa ba a yin kirdado. A ce zomo kilo biyu ne, likita ya yanke 0.6 a kowane kilo. Jimla miligiram 1.2 ke nan. Metacam na ruwa iri biyu ne: na karnuka mai miligiram 1.5 a kowace mililita, da na kyanwa mai 0.5. Idan na karnuka ne a hannunki, mililita 0.8 za ki ja. Idan na kyanwa ne, 2.4. Wadda ta rikita kwalba ta ja 2.4 daga na karnuka ta ninka maganin sau uku. Meloksikam na mutane kuma ƙwaya ce mai miligiram 7.5 ko 15, wato ƙaramar ma ta ninka abin da zomon nan ke buƙata fiye da sau shida, kuma ba a raba 'yar ƙwaya gida shida daidai da wuƙar kicin. Idan babu na ruwa a garinku, likita ya san yadda zai haɗa miki shi da awo. Ki kuma lura, sirinjin da ke zuwa cikin kwalin na karnuka nauyin kare aka rubuta a jikinsa. Ki ajiye shi, ki sayi sirinji mai mililita ɗaya a kemis.

Meloksikam ma yana da sharuɗɗa. Ba a bai wa zomon da jikinsa ya bushe don rashin ruwa sai an fara ƙara masa ruwa, in ba haka ba ƙoda ce za ta biya. Wannan ya shafe mu sosai a watannin Maris zuwa Mayu, domin zomo ba ya gumi kamar mu, ta kunnuwa yake fitar da zafi, kuma da zafi ya haura digiri 30 yake fara galabaita. Ba a haɗa shi da wani maganin kumburi, ba a haɗa shi da deksametason. Idan zomanya na da ciki ko tana shayarwa, ki faɗa wa likita tun kafin ya rubuta.

Ciwo mai tsanani, kamar karaya ko bayan tiyata ko cikin da ya tsaya, yakan buƙaci allurar bufurenofin, wadda a asibiti ake yin ta. Ciwon jijiya kuma wani lokaci a ƙara da gabafentin. Duk waɗannan raɗaɗi suke kwantarwa, tushen ciwon yana nan sai an bi shi. Haƙorin da ya yi tsawo sai an rage shi. Ƙurjin zomo mugunyarsa kauri gare ta kamar man goge baki, ba ta tsiyayewa don an matsa, sau da yawa sai an yi aiki an cire. Ɓawon da ke cika kunne ƙananan ƙwari ne ke kawo shi, ana kashe su da ibamektin, kuma kada a ɓamɓare shi da hannu domin azaba ce.

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi, kuma a manyan garuruwa akwai asibitin dabbobi na gwamnatin jiha da na masu zaman kansu. Idan za ki je, ki sa shi a kwali mai ƙofofin iska da ciyawa a ciki. Ba a hana zomo abinci ko da tiyata za a yi masa. Kafin ki fito, ki tabbatar an auna shi a sikeli, an rubuta miki sunan maganin da ƙarfinsa, mililita nawa, sau nawa a rana, har kwana nawa.

Yadda ake ɗurawa

Ki fara girgiza kwalbar, ki ja maganin a sirinji, ki cire allurar, ki sake duba layin a wuri mai haske. Komai ya zama a shirye kafin a ɗauko mara lafiyan.

Kada a ɗaga shi ta kunne, ko da haka muka taso muka ga ana yi. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallabe ƙugu. Ƙasusuwan zomo ba su da nauyi, ƙafafunsa na baya kuma ƙarfi gare su, idan ya yi harbi a sama yana iya karya ƙashin bayansa da kansa. Don haka a ƙasa za ki zauna, a kan tabarma, kada a kan tebur. Ki naɗe shi da tawul ko tsohon zani har wuya, kai kaɗai a waje, ƙafafu huɗu a ƙasa, bayansa a jingine da jikinki. Kada ki kwantar da shi rigingine. Shirun da yake yi a haka na tsananin tsoro ne, kuma ruwa na iya bin hanyar iska ya ƙware.

Bayan manyan haƙoransa na gaba akwai giɓi kafin a kai turame. Ki ɗan ɗaga leɓe ta gefe, ki zura bakin sirinjin ta wannan giɓin, yana kallon ɗaya kuncin, kada ya kalli maƙogwaro. Ki tura kaɗan, ki dakata ya motsa baki ya haɗiye, sannan ki ƙara. Idan an gama, ki ba shi ɗan ganyen da yake so. Wanda yake ci da kansa ana iya ɗiga masa maganin a kan ɗan yankin ayaba, muddin za ki tsaya ki ga ya cinye. Ruwan sha kuwa ba wurin zuba magani ba ne, domin ba za ki san nawa ya sha ba, lafiyayyun cikin kejin su ma za su sha, shi kuma idan ya ji ɗanɗano ya sauya sai ya ƙaurace wa ruwan.

Idan ya furzar da wani abu, kada ki ƙara, tunda ba ki san nawa ya wuce ba. Idan an manta da na safe, kada a ninka da yamma. Mutum ɗaya babba ya ɗauki nauyin bayarwa, a manna takarda a jikin keji ana rubuta lokaci, don kada Umma ta ba shi, Abba ya dawo ya sake ba shi. Yaro ya riƙe tawul, ya ƙirga kashi, ya yi rubutun, amma sirinji da kwalba suna hannunki. A ɗaga kwalbar sama inda ƙananan yara ba sa kaiwa, zaƙinta na iya jan su.

Alamar magani ya karɓe shi ita ce ido ya buɗe, kunne ya miƙe, ya koma ci da lasar jiki. Ko da kin ga haka, ki cika kwanakin da aka rubuta, kin dai ji yadda ya iya ɓoye ciwo. Amma idan kika ga gudawa, ko kashi baƙi mai danƙo, ko fitsari ya ragu, ko ya daina shan ruwa ya yi laushi, a tsayar da maganin a koma wurin likita a ranar.

Idan dare ne ko likita na nesa

Akwai abin da za ki iya yi kafin gari ya waye. Ki ware shi a ƙaramin kwali mai shimfiɗa mai laushi, a wuri mai inuwa da shiru, nesa da kare da kyanwa da hayaniyar yara. Ƙarancin wurin zai hana shi motsa ƙafar da ta ji ciwo, kuma ya fi ki gwada yi masa ɗori da kanki. Ki sa ruwa a kwano kusa da bakinsa, da harawa, da ɗanyen ganye da aka yayyafa wa ruwa. Rauni a wanke shi da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na tafasasshen ruwan da ya huce, a kuma rufe kwalin da gidan sauro, domin ƙuda na yin ƙwai a rauni ya zama tsutsa cikin kwana ɗaya. Idan lokacin hunturu ne kunnuwansa suka yi sanyi ƙalau, ki naɗe gorar ruwan ɗumi da tsumma ki ajiye a gefensa.

Na san wani zai ce kuɗin mota zuwa asibitin ma ya fi kuɗin zomon. Gaskiya ne a gidaje da yawa, kuma ba zan raina wannan lissafin ba. Amma idan raunin babba ne, kamar bayan da ya karye har yana jan ƙafafu, kuma babu halin magani, barinsa kwana uku yana tauna haƙora a lungu ba tausayi ba ne. Wanda da ma don nama yake kiwo, gara ya yanka da wuri tun ba a ba shi komai ba. Idan kuwa an riga an fara magani, a tambayi likita kwana nawa za a jira kafin naman ya ciwu, domin saura yakan zauna a jiki ya shiga tukunyar gida.

Sannan ki tuna akwai mai kallonki. Yaron da ya ga an fasa kafso an zuba wa zomo da ka, haka zai ɗauki magani idan ya girma ciwon kai ya kama shi. Wanda ya ga an auna, an tambaya, an rubuta lokaci a takarda, ya koyi abin da mu a asibiti muke shan wahalar koya wa manya.

Masu kiwon zomaye a cikinku, ku faɗa mana a ƙasa inda kuke samun likitan dabbobi a garuruwanku, don wasu su amfana. Mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu yi magana a kan cizo da yakushin dabbobin gida a jikin yara, wanda ake wankewa a gida da wanda ake garzayawa asibiti. Allah Ya ƙara mana lafiya, mu da iyalanmu da abin da muke kiwo.